Bawul

Shekara ashirin da uku
ina kwance injin ban-ruwa a Jiratawa.
Da kunne nake gane ciwonsa.
In ya ja ruwa ya mayar, in ya yi tari,
na san bawul ne ya ci.
Sai ga likita ta ɗora min ƙarfenta mai sanyi a ƙirji,
ta yi irin shirun da nake yi wa manoma
kafin in faɗi kuɗi.

Ta ce haƙorin nan ne, Nomau,
turmin hagu da ka yi wata huɗu kana cusa wa kanumfari.
Cuta ta bi jini, ta sauka a ƙofar babbar jijiya,
ta ci murfin kamar gara a ƙyaure.
Zazzaɓin da na sha wa maganin sauro har sau uku,
ashe sauro bai san zancen ba.

Sati shida ruwan allura na ɗiga a hannuna.
Na haddace tsagar da ke jikin bango.
Cutar ta kwanta, ɓarnar tana nan zaune.

Ta juya takardar magani, ta zana a bayanta.
Akwai na ƙarfe, in ji ta, ba ya tsufa,
sai dai ka auri ƙwayar tsinka jini har kabari,
kowane wata a auna ka,
kwaɗon zogale ma sai da lissafi.
Kuma yana ƙas-ƙas da dare kamar agogo.
Na dubi yatsuna.
Babu wanda ƙarfe bai taɓa yanka ba.

Akwai na dabba, na sa ko na alade.
Cima ta gyara mayafi, ta dubi ƙasa.
Likita ta ce larura tana da nata hukunci,
ku tambayi malaminku, ni dai na sa nake nufi.
Ba ya ƙara, ba ya neman ƙwaya kullum,
amma shekara goma, sha biyar in an yi sa'a,
sai a sake buɗe ka.
Na lissafa: Sahiya za ta kai sha tara.

Na mamaci ma akwai,
wani da ya bar nasa da sauran ƙwari.
Shi cuta ba ta cika so ba,
amma samunsa sai an ƙetare teku.
Ko a ciro naka na wajen huhu a mayar nan,
a toshe can da wani.
Wannan na sani, na yi dariya har na yi tari.
Na sha kwance injin guda don in tayar da guda,
kuma na san wanda aka kwance ba ya yafewa.

Ta ce wani zaɓin ba naka ba ne, ba nawa ba,
sai mai wuƙa ya buɗe ya ga iyakar ɓarna.
Haka nake gaya wa mutane.
Ban san haka yake da ɗaci ba.

Jiya da la'asar na sa Rabe ya kai ni rumfa.
An sayar da bijimi biyu da gonar bakin gulbi,
jikkunan suna ɗaure a ɗankwalin Cima.
Na ɗauki wani tsohon bawul daga cikin gwangwani,
na hura, ya buɗe, na ja, ya rufe.
Abu kamar kwalbar turare.
Shi ke nan aikinsa, kada abin da ya wuce ya dawo.

Motar Yamai da asuba take tashi.
Cima ta ce ita ƙas-ƙas ɗin ba zai dame ta ba,
ko banza in ta farka cikin dare
ba sai ta kai hannu hancina ba.

Ban ba ta amsa ba.
Rabe, injin Tsahiru yana nan ƙarƙashin buhu.
Kada ka sa masa na arha.